Mode Mai Akwatin Makka

Mutanen Bodinga kan ce ba su taɓa ganin Mode zaune ba sai a tahiya. Ko ita ɗin ma, liman na sallamewa za ka ga gwiwarsa ta fara rawa, kafin a shafa fatiha ya laluɓo takalmansa. Dogo ne siriri, mai faffaɗar fuska, idanunsa nesa da juna kamar kowanne da gefen da yake gadi. Allah Ya jiƙansa, ya daɗe da rasuwa, amma har yau in tsofaffin unguwarsu suka ga mutum ya kasa tsayawa wuri ɗaya, sai su tambaye shi ko ya sha ruwa a gidan Mode.

A Horo Birni aka haife shi. Uwarsa ta rasu yana goye, sai yayar ubansa, Gwaggo Altine, ta ɗauke shi. Ita Allah bai ba ta haihuwa ba, shi ne ɗanta. Sunan mahaifinta aka sa masa, don haka bakinta bai taɓa kama sunan ba. Babana take ce masa, ko lallashi take yi ko faɗa.

Babu sana'ar da bai taɓa ba. Ya yi noma, ya bar kunya rabi. Ya zauna wurin dukawa wata uku, ya ce allura na da nawa. Ya gyara kekuna, ya bi motar goro. Dalma ce kawai ta riƙe shi, don aiki ne da ba ya son jinkiri: ta narke, ka ɗiga, ta daskare, an gama. Ya kafa rumfa a kasuwar Bodinga yana liƙin fitila da buta da bokiti, kusa da taubashinsa Na'Allah tela, wanda ba ya iya wuni bai tsokane shi ba. Ya auri Safinatu, mace mai sanyi da ba ta cika magana ba, har mutane na mamakin yadda aka yi gida ɗaya ya ɗauke su.

A farkon mulkin farar hula, lokacin da shinkafar waje ta cika kasuwa kuma kowace unguwa na rakiyar alhazai, wani ɗan kasuwa, Alhaji Bawa, ya dawo daga Makka da wani ɗan abin kallo na jar roba. Ido biyu gare shi. Ana zura masa faifan takarda mai ƙananan hotuna, a kafa idanu, a danna wani ɗan hannu, hoto ya sauya. 'Ya'yansa suka yi ta wasa da shi har ya tsage, aka kawo wa Mode ko zai liƙe.

Mode ya ɗaga shi wajen haske ya leƙa. Ƙarfen liƙinsa na cikin garwashi har ya yi ja, har garwashin ya mutu, ƙarfen ya huce, bai motsa ba. Ya sha ganin hoton Ka'aba a kalanda, amma wannan daban ne. Wannan yana da gaba da baya. Ga wani mutum kusa da kai har ka so ka ce masa gafara, ga wasu can gabansa, ga Ɗakin tsaye da kaurinsa, kana jin in ka miƙa hannu za ka zagaya kusurwarsa. Na'Allah ya ce ranar ya ɗauka ɗan'uwansa ya mutu a tsaye, har ya fara tunanin wa zai gaji kekensa.

Robar ba ta liƙuwa da dalma. Alhaji ya ce ya riƙe, yara sun gama da shi. Mode ya cire gilasan biyu da ƙarfen da ke juya faifan, ya yanke garwar kananzir ya yi musu akwati, ya kafa shi bisa ƙafafu uku na rodi. Ya ƙwaƙulo hannun wani mataccen keken ɗinki a rumfar Na'Allah ya haɗa masa, ya sa ƙwan tocila a ciki. Faifai uku ne: Makka, Madina, Arfa. Daga nan liƙin buta ya zama na ranar da ba kasuwa. Ya riƙa ɗaure akwatin a bayan keke, yau Bodinga, gobe Shagari, wani lokaci har Lambara da Mandera, mutane na layi suna ba da ɗan abin da ya sawwaƙa su ga inda ba su taɓa zuwa ba.

A ba shi haƙƙinsa, yana jin ƙorafi. Bakin kwanon akwatin ya yanki wani Bafillace a karan hanci, ya kewaye shi da jar fata ya cusa audugar rimi. Masu rawani suka ce goshinsu ba ya isa, ya datse saman. Haske na shiga ta gefe yana ɓata hoto, ya ɗinka masa rumfar baƙin ƙyalle. Kwalli na ɓata gilashi, ya rataya tsumma. Abu uku ne bai taɓa ba, don bai san matsala ba ne: tsawon ƙafafun, wanda ya auna da tsawonsa, da tazarar ramukan ido, wadda ya auna da fuskarsa, da hannun juyawa, wanda shi ke riƙe da shi. Kuma Mode bai iya juya komai a hankali ba. Kafin ka gama kallon ƙofar Ɗakin ya fizge ka zuwa Safa, kafin ka ce uffan kana Marwa, yana ta rera sunayen wurare da ƙarfi don na bayan layi su ji kwaɗayi.

Wasu kan ɗago kai suna murmushi. Wasu kuma su ɗago suna dafe goshi, su ce hoton ya rabu biyu, ƙasa na juya musu. Mode ya yi ta tunanin dalili, ya yanke cewa kwarjinin wurin ne. Na'Allah ya ƙara masa gishiri, ya ce ai mai zunubi ne ke jiri, Ɗakin Allah ba ya tsaya wa kowa. Aka yi dariya. Maganar ta yi wa Mode daɗi ya ɗauka, ta zama kirarin akwatinsa. Duk wanda ya ɗago yana tangaɗi sai ’yan layi su hau shi da tsiya, a ce faɗi abin da ka aikata. Shi ma ya yi dariyar dole ya tafi.

Sai zamani ya juya. Aka fara maganar tsuke bakin aljihu, sabulu da madara suka koma sai an yi layi. Sojoji suka karɓi mulki, aka rufe iyaka, ruwan sama ya ɗauke tun gero bai yi kai ba. Batir ya ɓace a kasuwa, Mode ya cire ƙwan tocilar ya fasa wa akwatin taga ta baya, ya liƙa farar leda, ya zama sai mai kallo ya fuskanci rana. Layinsa kuwa ƙaruwa ya yi, don waɗanda suka sa rai da kujerar Makka da yawa sun san ta yi nisa.

Cikinsu har da Gwaggo Altine. Shekara da shekaru tana kiwon saniya biyu da sunan guzuri. Ɗaya ta kwanta a farin nan ba ta tashi ba, ɗayar aka kai ta kasuwa ta zama hatsin gida. Ga idanunta sun fara yana. Ba ta yi kuka ba. Wata ranar kasuwar Shagari dai Mode ya ɗago kai ya gan ta cikin layi, da sandarta, ta lulluɓe da mayafin da take zuwa idi da shi.

Ya ture mutane ya kawo ta gaba. Gajeruwa ce, sai da ta yi ɗage bisa yatsun ƙafa, ta miƙe wuya, sannan fuskarta ta kai. Murna ta sa hannunsa ya fi kullum sauri. Yana cikin kiran Maƙamu Ibrahim ya ji sandar ta faɗi. Gwaggo ta ja da baya, ta dafe iska, ta durƙusa nan gefen rumfar ta yi amai.

Wani matashi can baya, wanda bai san ko wace ce ba, ya ce, “Tsohuwa, mi kika aikata haka?” Aka fara dariya, aka ga fuskar Mode, dariyar ta mutu.

Ya kai ta inuwar wata bishiyar bedi, ya samo ruwa ta kurkure baki. Yana ta zuba: rana ce, yunwa ce, tafiyar ce ta yi yawa. Ta bar shi har ya gaji.

“Babana, ka tuna rumbun Malam Isa?”

Ya tuna. Yana ɗan shekara tara ya tsinci gilashin tabarau, ya gano yana tara rana wuri ɗaya har ciyawa ta yi hayaƙi. Ya gwada bisa jinkar rumbun maƙwabcinsu Malam Isa. Hatsin shekara ya ƙone ƙurmus.

“Da anka zo tambaya, na ce kana tare da ni wurin surfe. Sunka ce in rantse. Na rantse da Ɗakin Allah.” Ta goge baki da gefen mayafi. “Na yi azumin kaffara tun kana yaro, na ɗauka ya wuce. Yau na gani. Ɗakin ya rabu biyu, ya juya, bai yarda in dube shi ba. Kai da bakinka kake hwaɗin mai zunubi ba ya ganinai.”

Ya ce wasa ne, maganar kasuwa ce, Na'Allah ne ya ƙirƙira. Ta ce ta sani, amma wani lokaci gaskiya kan fito ta bakin mai wasa. Ta ɗauki sandarta.

Tun daga ranar ƙafar Mode ba ta huta ba. Ya je wurin limamin Horo Birni, ya kawo shi har ƙofar ɗakinta. Liman ya yi mata nasiha mai daɗi, ya ce hoto hoto ne, ba ya karɓar kowa ba ya korar kowa, kuma ƙofar tuba ba ta rufe. Ta ce Malam ya yi gaskiya, Allah Ya saka. Ya je wurin Ɗahiru, ɗan marigayi Malam Isa, ya tsuguna da girmansa ya ce shi ne ya ƙone rumbun. Ɗahiru ya yi dariya har da tari, ya ce duk garin wa bai sani ba, ai mahaifinsu ya yafe tun kafin tokar ta huce, tausayin maraya ne ya sa aka bar zancen. Mode ya kai mata wannan ma da gudu. Ta ce madalla.

Amma ta rage cin abinci. Maganar da ba ta rabuwa da bakinta, in na je Makka, ta ɗauke ɗif. Akwai wani farin yadi da ta daɗe tana ajiya cikin kwalla don tafiyar. Ta ciro shi ta aika wa Safinatu, ta ce a adana mata, likkafani ne.

Mode ya gane ba baki ne zai cire abin nan ba. Da ido ya shiga, sai da ido zai fita. Sai dai bai san ta inda zai kama ba. Ya kwance akwatin ya ɗaure, ya sake kwancewa. Ya wanke gilasan da toka. Ya leƙa sau ɗari, kullum Ɗakin na tsaye ƙyam. Yana ta kai da kawo gaban rumfar Na'Allah har telan ya tsayar da keke. Shi ma tun ranar Shagari bai sake yin wasan nan na mai zunubi ba.

“Kai, zo nan, doguwar banza.” Ya ciro awo daga wuyansa, ya ɗora a fuskar Mode, daga ƙwayar ido zuwa ƙwayar ido. Ya auna tasa. Ya kamo wani mai tallan gishiri ya auna. “Dubi nan. Kai idanunka ɗaya na Bodinga, ɗaya na Shagari. Ka ɗinka riga ga jikinka ka ce duk duniya su sa. Ni da haka nike aiki da tuni an kore ni kasuwar ga.”

Mode ya tsaya baki buɗe. Sai ya fizge awon ya shiga kasuwa yana tare mutane. Duk wanda ya tuna ya taɓa jiri, ya nemo shi. Kusan dukansu masu ƙaramar fuska ne, ko gajeru masu ɗage. Nan ya ji kunya ta rufe shi, don ya tuna fuskokinsu lokacin da ake musu dariya.

Maza dai ya auna. Mata fa, waɗanda fuskarsu ta fi kusa da ta Gwaggo? Ba zai shiga gidan mutane ya ƙura wa matansu ido ba. Safinatu ce ta ce ya bar mata. Ta zare tsinkayen tsintsiya ta bi gidajen unguwa. Kowace mace ta ce ta dubi goshinta, ta kara tsinke daga ƙwayar ido zuwa ƙwayar ido, ta karya daidai nan. Mata suka yi ta dariya, wata ta ce ko Mode zai fara ƙera wa mutane idanu ne. Ta je har Horo Birni da sunan gaisuwa ta karyo na Gwaggo, ta ɗaura masa jan zare. Da aka baje tsinkayen bisa tabarma, na Gwaggo ne na biyu a gajarta. Kusa da na Mode kamar ɗa da uba.

Sati biyu yana fama. Ya ɗora gilasan bisa wani ɗan siririn ƙarfe yadda za su matso ko su ja baya, da ƙusa mai murɗawa a ƙasa. Ya datse ƙafafun akwatin, ya samo kujera 'yar tsuguno, don kowa ya kalla a zaune. Ya ba Safinatu ta shiga da shi gidaje. Matar ladan, wadda ta taɓa kwana biyu da ciwon kai bayan kallo, ta ga faifai uku ta nemi ƙari. Na'Allah ya ce bai taɓa ganin an yafe zunubi da murɗa ƙusa ba sai a wurin Mode.

Suka ɗauki hanya shi da Safinatu, suka isa Horo Birni bayan la'asar. Gwaggo ta ce a'a. Ta ce abin da aka nuna mata sau ɗaya ya isa. Ya baje mata tsinkayen, ya nuna mata nata da nasa, yana magana yana tashi yana zama. Ta dube shi ta ga yadda ya rame, ta ce to, don kai. Ya zaunar da ita tana fuskantar rana, ya daidaita gilasan da tsinken mai jan zare, ya kama hannun juyawa. Hoto na farko ya wuce lafiya. Ya ji daɗi ya juya. Ya sake juyawa. Ta ɗago kai a hankali, gumi ya karyo mata, ta ce a kawo kwano.

Wannan ya fi na farko muni, don yanzu babu sauran abin da za a ɗora wa laifi. Ta shiga ɗaki ta juya fuska bango. Mode ya ɗaga akwatin sama zai maka shi da turmi. Safinatu ta ce, “Malam, aje.” Ya aje. Ya koma Bodinga shi kaɗai, ita ta zauna jinya.

Kwana shida ya yi yana liƙin da ba ya kamawa. A na bakwai ya kasa haƙuri ya hau keke. Safinatu ta tare shi a zaure kafin ya shiga. Ta ce ta lura da wani abu. In Gwaggo na tsintar tsakuwa cikin gero, sai ta karkata kai, ta tura kuncin hagu gaba. In ta miƙa hannu ɗaukar moɗa takan kuskure ta da ɗan kaɗan. Jiya kuma ta gwada: ta zo mata da kwanon fura ta dama, ta tsaya kusa har tana jin numfashinta, tsohuwa ba ta san da mutum ba. Ta zagayo ta hagu, nan take ta ce sannu ɗiyata. Da ta lallaɓa ta tambaye ta, sai ta ce idon dama ya daɗe ba ya ganin komai sai fari-fari, kamar ana duba duniya ta cikin koko. Ba ta faɗa wa kowa ba don kar a hana ta zuwa rijiya.

Safinatu ta ce ita dai a ganinta, ido ɗaya na ganin Ɗaki, ɗayan na ganin wani farin abu yana yawo, kai kuma ya rasa wanda zai bi. A toshe ramin dama.

Mode ya ce ina. Duk abin mamakin akwatin ai a ido biyun yake. In aka toshe ɗaya, zurfin ya tafi, babu gaba babu baya, ya koma hoton kalanda. Shi so yake ta ji kamar za ta taɓa. Ya yi ta bayani yana zagaya zauren.

“Ita tsayawa take so Ɗakin shi yi,” in ji Safinatu. Ta ƙara da cewa ita ma da ta leƙa yana juyawa, ji ta yi kamar an fizge mata tabarma tana zaune. Lokacin da ita ce ke juya wa matan unguwa, sai mace ta ce to take taɓawa.

Mode ya juya. Ya fita ya zagaya garin sau biyu, ya dawo da ƙyallen fata daga wurin baduku. Ya toshe ramin dama. Ya leƙa da kansa, ya ga Ɗakin ya koma shafaffe, ransa ya sosu. Ya kwance hannun juyawar daga gefen da yake tsayawa, ya mai da shi inda hannun mai kallo zai kai.

Washegari da hantsi suka same ta a bakin ɗaki tana jan carbi. Wannan karon bai yi dogon zance ba. Ya durƙusa ya ce shi ne na ƙarshe, in bai yi ba zai jefa akwatin rijiya ba zai sake ambatonsa ba. Ta daɗe tana jan carbin. Ta ce a ba ta buta. Ta yi alwala a tsanake. Ya fara kafa akwatin inda ya kafa wancan karon, bai lura rana ta sauya gefe ba, sai ta tsayar da shi.

“Sau biyu kana sa ni duban Ɗakin Allah na ba gabas baya. Juya ni.”

Bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Shi rana kawai yake bi. Ya juya akwatin, ya zama tagar na shan hasken hantsi sosai. Ta zauna bisa buzunta, ƙafafu a ƙasa, Safinatu ta tokare mata baya da matashi. Ya ɗora hannunta a kan majuyin, ya ce ita ce da shi, in ta so ta juya, in ba ta so ta bari. Ta sa fuska cikin baƙin ƙyallen.

Mode ya tsaya a kanta. Ya koma hagu. Ya dawo dama. Bakinsa na motsi da sunayen wurare. Hannunsa ya tafi wajen majuyin da kansa, Safinatu ta dube shi, ta nuna masa ƙasa. Ya zauna. Ya tura hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne.

Kaji suka zo suka yi tsince-tsince suka wuce. Wata maƙwabciya ta leƙo neman wuta, ta ga yadda suke, ta koma. Inuwar danga ta janye daga ƙafafunsa. Yana kallon bayan wuyan Gwaggo, yana jiran ya ga gumi, yana kallon kafaɗunta ko za su karkata. Gwiwarsa ta fara rawa, ya danne ta da haɓa. Hannunta na kan majuyin, ba ta juya ba ko sau ɗaya.

Can muryarta ta fito daga cikin ƙyallen, ƙasa-ƙasa.

“Ya tsaya.”

Ba wanda ya motsa.

“Babana, ya tsaya. Ga ƙofa nan, ga rubutu na zinari.” Ta ƙara matsa fuska cikin ƙyallen. “Akwai wata mata nan gefe, gajeruwa awa ni. Ta riƙo takalmanta ga hannu. Ba wanda ya kore ta.”

Mode ya kalli faifan nan fiye da sau dubu, bai taɓa ganin matar ba. Bai taɓa barin hoton ya daɗe har a gan ta ba.

Sai da rana ta fara zafi ta ɗago. Idon hagu ya jiƙe, tabon fatar ya fito mata a goshi. Ta zauna tana sauraron cikinta, ta ji lafiya lau. Ta dubi akwatin, ta dubi Mode da ke zaune kan hannuwansa kamar mai laifi gaban alƙali.

“Ashe akwatinka ne mai zunubin.”

Ta juya wajen Safinatu ta tambaya ko akwai sauran fura, kuma in an tashi zuwa a taho mata da yadinta, kwallarsa na nan ba kowa ciki.

Gwaggo Altine ba ta je Makka ba. Shekarar da ta biyo yanar ta rufe idon hagun ma. Ta ƙara shekara huɗu a duniya, kuma duk wanda ya zauna kusa da ita sai ya ji labarin matar nan mai takalma a hannu, har tana yi mata addu'a cikin danginta.

Mode ya koma kasuwa da akwatin, amma ciniki bai koma kamar da ba. Mai kallo ke riƙe da majuyi, wani tsoho sai ya shafe rabin sa'a kan hoto ɗaya, na baya su gaji su watse. Mode na zagaya rumfar kamar akuya a turke, yana cizon leɓe, amma ba ya taɓawa. Kafin kowa ya zauna sai ya kara masa tsinke a fuska, ya tambaye shi wane ido ya fi gani. Fatar nan ya mai da ita marfi mai buɗewa da rufewa. In wani ya ɗago yana dafe goshi, Mode ne ke fara cewa a yi haƙuri, laifin akwati ne, ya miƙa ruwa. Daga baya talabijin ta yawaita, aka riƙa nuna aikin Hajji yana motsi, ya koma liƙin butocinsa. Damin tsinkayen ya daɗe rataye a rumfar, mai jan zare a tsakiya.

Ranar da Gwaggo ta cika, mata suka buɗe kwallar suka ciro farin yadin, da shi aka suturta ta. Amma har zuwa daren ƙarshe na rayuwarta, in yara suka taɓa kwallar takan ce su bari, kayan tafiyarta ne a ciki.